Yadda Na Yayyanka Rigunan Ƙannena

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labari cewa babanku ne ya hana Inna komawa Zugu, wai ya zaunar da ita ya yi mata nasiha har zuciyarta ta yi sanyi. Ban taɓa katse ku ba, domin Malam, Allah ya jiƙansa, ya cancanci yabo ko a kan abin da bai yi ba. Amma tunda na zauna rubuta muku rayuwata, a wannan wuri kam zan karɓi kayana. Malam bai zaunar da Inna ba. Yaushe ma suka taɓa zama a inuwa ɗaya? Ni na tsayar da ita, da almakashi da keken ɗinkin da a lokacin ko zare ban iya sa masa daidai ba.

A shekarar ne 'yan bindiga suka matsa wa ɓangarenmu na Zugu, har zama ya gagara a rugar da aka haife ni. Ƙannena biyu, Sambo da Yero, suka kora abin da ya rage na shanu suka nufi Kudu. Kafin su tafi suka ɗora Inna a babur ɗin Mamman, wani ɗan kabu-kabu na garinsu, suka ce ya kawo ta Gummi wurina. Ta iso da rana tsaka, ƙafafunta sun kumbura, tana rungume da ƙunshi guda. Maƙwabciyata Asabe ce ta taya ta kwancewa, sai muka ga babu ko zanenta ɗaya a ciki. Cikin gaggawa abin da ke kan igiyar shanya ta kwashe, kuma rigunan 'ya'yanta ne, irin tishat da rigunan 'yan ƙwallo da samarin Fulani ke sawa a ƙarƙashin taguwa, ja da kore da ruwan ɗorawa, guda goma sha huɗu. Ta dube su ta daɗe, sannan ta mayar ta ƙulle. Tun daga ranar ƙunshin ya zama matashin kanta.

Ku da kuka tashi a gari kuna yi wa kunyar Fulani dariya, don haka bari in gaya muku abin da ya shigo gidanmu tare da Inna. Ni ce 'yar farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban fuskata, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji abu, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, in babu kowa ta faɗa wa iska. Ga shi kuma gidan da ta sauka na surukinta ne. Kunya biyu ke nan suka haɗu a kan tsohuwa guda. Tuwo in an kai mata sai ta ɗan taɓa gefe ta rufe. Malam in zai shigo gidansa sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ya jira ta shige ɗaki, sannan ya wuce yana sanɗa. Ina ƙaunar uwata, amma a watannin nan na sha shiga madafa in ciji yatsa don takaici.

Da aka gama yankan shinkafa sanyi ya sauko, kuma kun san sanyin Gummi, wanda ke tasowa daga gulbi ya shiga har cikin ƙashi. Inna tana kwana a tabarma da zane ɗaya da Asabe ta ba ta. Ta fara tari. Malam ya je kasuwa ya sayo bargo mai laushi, muka ba Asabe ta kai mata a kan cewa nata ne. Da safe muka tarar da shi a ninke a bakin ƙofa, ko lanƙwasar kanti ba ta baje ba. Asabe ta ɗauka ta koma da shi ciki, ina jin su daga tsakar gida.

"Inna, bargona na hwa. Don mi kinka hiddo shi?"

"Ɗiyata, Allah shi yi maki albarka. Amma ni na san ƙamshin sabon abu, kuma na san wanda yat tahi kasuwa jiya."

Malam da kansa ya gwada. Ya tsaya a bayan katanga, ya gaishe ta cikin ladabi, ya ce a addini uwar mata uwa ce, abin da ke gidan nan nata ne. Ta amsa masa da murya ƙasa-ƙasa, ta gode, ta sa masa albarka har da zuriyarsa. Washegari bargon yana bakin ƙofa. Iyakar nasihar da kuke ba da labari ke nan.

Ranar wata kasuwa Mamman ya kawo fasinja Gummi, ya biyo ya gaishe ta. Ina tankaɗe a gefe na ji ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Mamman, kasuwa biyu masu zuwa ka biyo ka ɗauke ni. Na gaji da zama bisa tabarmar mutane."

"Inna, babu kowa can hwa. Ko jiya an ji harbi."

"Bukkata tana nan. In mutuwa ta, can ma ta san hanya."

Na san Inna, in ta furta abu a gaban baƙo to ta gama. Kwana goma sha huɗu ke gare ni. In ta zauna a haka tarin zai kwantar da ita, in ta koma kuwa ban ga yadda za ta kai damina ba.

Asabe ce ta kawo mini dabarar ba tare da ta sani ba. Ta shigo da wayarta don ta ɗauke mini hankali, tana nuna mini wata Baturiya da ke yayyanka tsofaffin riguna tana haɗa bargo da su. Asabe dariya take yi, wai dubi masu kuɗi da wasa da tsumma. Ni kuwa nan take dabara ta faɗo mini. Inna ba za ta rufa da abin suruki ba, amma rigunan da ke ƙarƙashin kanta daga gidanta suka fito. A ƙasan akwatina kuma akwai gwado biyu, saƙar hannu, da ita kanta ta sa mini a kayan aure. In na haɗa su, babu zare ɗaya na Malam a ciki. Ba mu ji abin da Baturiyar ke faɗa ba, hannunta kawai muka bi da kallo, sau uku. Tana da tebur mai faɗi da keken lantarki, ni kuwa abin da ke gare ni shi ne keken ƙafa da ke, Rabi, kika bari a ɗakinki da aka kai ki Anka, wanda iyakar sanina da shi in kama bakin zane.

Saura yadda rigunan za su zo hannuna. Ba zan iya tambayarta ba, kuma da na tambaya da ta hana. Sai na tsaya kusa da ƙofarta na ce wa Asabe kayan nan na su Sambo suna son wanki, kada asu ya ci su. Can sai ga ƙunshin an turo shi waje da ƙafa. Na wanke su kam, ban yi ƙarya ba a nan. Amma na san abin da na ƙulla, kuma har yau in na tuna sai na nemi gafara, domin yaudarar uwata na yi.

Da safe bayan Malam ya fita na shiga ɗakin Rabi na yi bismilla na sa almakashi a jar rigar Yero. Tun a nan ido ya raina fata. Yadin tishat ba kamar atamfa ba ne, kana yanka shi gefen zai nannaɗe, ka ja shi ya miƙe, ka sake shi ya ƙanƙance. Na haɗa ƙyalle biyu na sa a keke na taka. Keken ya riƙa tsallake ɗinki, haƙoransa suna jan na ƙasa suna barin na sama, har ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan taƙi. Na farke na sake, na sake farkewa, sai yadin ya huhhuje. Kafin azahar na kashe riga biyu, ba su zama bargo ba kuma ba za su sake zama riga ba. Na kwashe guntayen zan ɓoye, sai iska ta ɗauki hannun jar rigar ta ajiye shi a tsakar gida, daidai inda Inna ke alwala. Ta ɗauka ta jujjuya shi. Ba ta dubi inda nake ba. Katanga ta duba ta yi magana.

"Ashe wankin birni da almakashi a ka yin shi."

Ta shige ɗaki da hannun rigar. Kwana uku ko iska ba ta yi wa magana ba, kuma abincin da take ɗan taɓawa ma ta daina. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a kwanakin nan ba. Abu ɗaya ta tsira da shi daga gidanta, ni kuma na sa masa almakashi. Na yi tunanin in mayar mata da goma sha biyun da suka rage in ba da haƙuri ta bakin Asabe. Amma na ga in na tsaya a nan, na yi ɓarna kuma za ta tafi. Gara in ƙarasa.

Inda babanku ya taimaka da gaske shi ne nan, kuma ba da littafi ba. Ya leƙo ya same ni ina hawaye a kan keke, ya ɗauki ƙyallen ya ja shi ya sake.

"Wanga ai taurin da ba shi da shi na matsalar. Ba ki ga yadda masu wankin hula ka yi ba? Ki sa mai sitaci."

Na dama sitacin rogo mai kauri, na tsoma rigunan na shanya. Da suka bushe sai suka tsaya ƙyam, almakashi ya bi su salin-alin. Na yanka kwali mai kusurwa huɗu na riƙa ɗorawa ina zagayewa da alli, don kowane ƙyalle ya zo daidai da ɗan'uwansa, gaban riga ɗaya bayanta ɗaya. Sannan na yayyanka wani tsohon zanena na shimfiɗa wa kowane ƙyalle a bayansa, yadda haƙoran keke za su kama zane maimakon tishat. Ɗinkin farko da ya tafi a miƙe tun daga sama har ƙasa, sai da na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki, da shekaruna hamsin da 'yan kai. Ban gama koyon darasi ba dai, domin na ɗora dutsen guga kai tsaye a kan lambar wata rigar ƙwallo, robar ta narke ta manne a dutsen. Daga nan na koyi yin guga ta baya. Akwai kuma riga ɗaya mai hoton wani ɗan takara, irin wadda ake rabawa lokacin zaɓe. Malam ya ce ba ya son fuskar mutum a ɗakin da ake salla, sai na kifa ta na ɗinke. Bawan Allah yana nan rub da ciki har yau.

Cikin kwana biyar na haɗa ƙyalle ashirin da huɗu, huɗu a faɗi shida a tsawo. Na ɗauka na gama mai wuyar, ashe ban fara ba. Na share ɗaki na shimfiɗa atamfata ta fita kunya a ƙasa, na ɗora gwado, na ɗora rigunan a sama. Asabe ta ce gwado ɗaya ya isa. Na ce tarin Inna ba na gwado ɗaya ba ne, na sa duka biyun. Na ɗauki abin na tura a keke na fara daga gefe, kamar yadda ake kama bakin zane. Ina isa tsakiya sai na tarar yadin sama ya tattaru ya yi tudu, na ƙasa kuma ya yamutse. Yini guda na yi ina farke aikin yini guda. Sai muka sake kallon Baturiyar, muka lura ita daga tsakiya take farawa ta nufi gefe, kuma kafin nan ta kafe komai da fil. Ba ni da fil mai yawa, don haka na durƙusa na bi shi da manyan ɗinkin hannu, layi-layi, har gwiwoyina suka sage. Na naɗe rabinsa kamar tabarma don ya shiga hammatar keken, Asabe ta tsaya a baya tana tallafe nauyin, ni ina takawa a hankali ina bin layin da ƙyallayen suka haɗu. Allura huɗu na karya. Ta biyar, mai kauri irin ta masu ɗinkin jaka, ita ta kai ni gaci.

Na naɗe bakinsa da ragowar atamfar ana saura kwana biyu Mamman ya zo. Kada ku ɗauka abin ya yi kyau. Kusurwa ɗaya ta karkace, layukan suna tafiya suna lauje, ga tabon guga a tsakiya. Nauyinsa kuwa, sai da muka ɗauke shi mu biyu. Amma da muka baza shi a rana, launukan nan suka tashi, sai na ga Sambo da Yero kamar sun shigo gidan, na tuna wanda ke sa kowace riga.

Na jira ta fita bayan gida, muka shimfiɗa mata shi a kan tabarma. Da ta dawo na tsaya a tsakar gida na yi irin tata, na yi wa iska magana.

"Asabe, ki shaida, rigunan su Sambo na, da gwadon da anka kawo ni da shi daga ruga, da zanena. Ko zaren, kazata nis sai da nis saye. Babu abin mai gida ciki."

Na leƙa ta jikin asabari na ga ta durƙusa tana bin ƙyallayen da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, leɓunanta na motsi. Na janye, domin ba abin da ya kamata in gani ba ne. Da gari ya waye na fito da sauri na dubi bakin ƙofarta, babu komai. Rana ta fito ta hau katanga Inna ba ta tashi ba, har na tsorata na tura Asabe. Ta fito tana rufe baki, ta ce barci take yi, kanta kawai ake gani. Na yi murna, amma ban saki jiki ba, domin ba ta ce ta fasa tafiya ba.

Ranar kasuwa da hantsi muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Inna ta fito da mayafinta da butarta, ta ce Mamman ya shiga ya ɗauko mata kayanta. Na ce a raina shi ke nan, na yi mata bargon da za ta je ta mutu a cikinsa. Mamman ya fito da shi a kafaɗa yana nishi, muka bi su har zaure, ni da Asabe. Malam yana can gefe ya juya baya yana jan carbi. Mamman ya ninka bargon ya ɗora a bayan babur ya jawo roba zai ɗaure. Inna ta zagaya babur ɗin a hankali, ta duba gaba ta duba baya.

"Wanga abu ba shi hawa babur."

"Shina hawa, Inna. Ga shi ma ya hau."

"In ya hau, ni ina nika zama?"

"Bisa gare shi. Inna, ni da nika ɗaukar buhu biyu na shinkahwa da rago bisa mashin ɗinga?"

"Rago daban. Wanga nauyi garai, wadda taɗ ɗunka shi ba ta san ƙima ba. Ka kada mu cikin gulbi."

"To mu bar shi nan, in dawo in ɗauka."

"In bar rigunan ɗiyana gidan mutane? Sauke shi. Ka tahi, sai an samu mota."

Mota ba ta shiga rugarmu, ba ta taɓa shiga ba, kuma duk wanda ke zauren ya san haka. Mamman ya buɗe baki zai yi gardama, Asabe ta taka masa ƙafa. Ya sauke bargon ya mayar ɗaki, ya yi sallama ya tafi. Na ga kafaɗun Malam suna rawa, bai dai juyo ba. Ni kuwa na ruga madafa na toshe bakina da gefen zane, dariya da kuka suka haɗu mini. A rayuwata na haifi 'ya'ya, na aurar, na je Makka, amma ban taɓa jin na ci nasara irin ta ranar ba. Ni da ban iya sa zare a keke ba, na kayar da Inna, kuma na bar mata hanyar da za ta faɗi ba tare da kowa ya ce ta faɗi ba.

Ina cikin share ido na ji takunta. Ta tsaya a bakin madafar, wurin da ba ta taɓa takawa ba tun zuwanta. Ta buɗe ƙwaryar kunun da ya rage na safe, ta ɗiba a ludayi ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Sannan ta dubi murhu ta gaya masa.

"Kunun gidanga ya cika tsami. Gobe ni ka damawa."

Ita ta dama shi kuwa, kowace safiya, shekara bakwai, har ranar da ta kwanta ciwon ajali.